Shekarun Marainiya

Aikinta shi ne ta duba bakin mutum ta faɗi shekarunsa. Ofishinta yana can ƙarshen asibiti, bayan wurin wanki, ƙofa biyu kafin ɗakin ajiye gawa, kuma babu mai zuwa wurin don nishaɗi. Yau 'yan sanda su kawo mata muƙamuƙin da aka tono a ramin gini, su ce a faɗa musu na babba ne ko na yaro. Gobe kotu ta aiko mata da ƙato mai gemu wanda ya rantse shekarunsa sha shida, don kada a kai shi kurkukun manya. Ita dai sai ta sa a ɗauki hoton muƙamuƙin, ta manna shi a jikin fitila, ta bi saiwar haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta abin da ta gani ta sa hannu. A asibiti Likita ake ce mata, amma a dangin mijinta sunanta Mai Haƙora, wai don ko gaisawa kake yi da ita bakinka take kallo, ba idonka ba. Kuma da gaskiyarsu. Ta taɓa gaya wa wani direban tasi cewa turmin haƙorinsa na hagu ya kusa ba shi wahala, bawan Allah bai ƙara cewa uffan ba har ya sauke ta.

Mijinta safiyo ne, mai awon filaye, kuma da sunan aikin nasa kowa yake kiransa. Mutum ne mai sanyin magana, mai guga a jikin riga, wanda ba ya son hayaniya ko ta rediyo. Shekararsu goma sha uku da aure, Allah bai ba su haihuwa ba. An yi gwaji, an sha magani, an gaji an bar wa Allah. Ba ya yi mata gori, ita ma ba ta tayar da maganar, amma akwai ɗaki ɗaya a gidan da suka cika da tsofaffin kwalaye don kada su riƙa ganinsa fayau.

Wata Asabar da hantsi ya shigo tare da mahaifiyarsa, Hajiya, da wata 'yar yarinya rungume da jakar leda. Hajiya ce ta yi bayani, shi yana tsaye yana goge tabarau.

"'Yar marigayi ce," in ji ta.

Marigayin wan Safiyo ne, wanda ya rasu a haɗarin mota shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Wai ashe yana da mata a garin da yake aiki, babu wanda ya sani, ya rasu ya bar ta da ƙaramin ciki. Yanzu matar ta bi shi, maƙwabta suka nemo dangin uba.

"Shekararta goma da 'yan watanni," Hajiya ta ƙara, ba tare da an tambaye ta ba. "Ƙaramin jiki ne da ita, ciwo ta sha tana jaririya. Ni na tsufa da rainon yara. Ga ku nan, ga marainiya."

Likita ta durƙusa a gaban yarinyar ta ce, "Sannu da zuwa, ƙawata." Yarinyar ta yi ɗan murmushi. A sama, a gaba, haƙori ɗaya babu shi, sai giɓi. Na kusa da shi kuma yanzu ya leƙo daga dasashi, bakinsa da ƙananan tsaga irin na sabon haƙorin da bai taɓa tauna komai ba. Yaron da yake wannan famfarar bai cika takwas ba. Ko ɗalibinta na shekarar farko ya san wannan.

To a nan ne ya kamata ta buɗe baki ta yi magana. Ba ta yi ba. Miƙewa ta yi ta ce bari ta kawo wa baƙi ruwa, ta tsaya a kicin riƙe da kofi tana gaya wa kanta cewa ai yara sun bambanta, wani yana jinkiri. Ta sani sarai cewa jinkirin ba ya kai shekara uku. Ta san yunwa da ciwo suna tauye tsawon yaro, amma da ƙyar suke taɓa lokacin haƙori, ita ce ma take koya wa ɗalibai haka duk shekara. Amma a falo akwai yarinya, kuma an ce a gidanta za ta zauna. Ta zuba ruwan ta fito da fara'arta.

A ranar suka kwashe kwalayen.

Wata huɗu aka yi a haka, kuma in gaskiya za a faɗa, ba ta taɓa jin daɗin gidanta kamar a watannin nan ba. Ta koyi kitso da girmanta, hannu yana karkacewa, yarinyar tana haƙuri. Ta san lambar takalminta, ta san ba ta cin albasa, ta san sai an bar mata ƙofar banɗaki a buɗe take yarda ta yi wanka. Hajiya da sauran dangi Marainiya suke ce mata, ita kuwa ba ta son sunan, ta ci gaba da Ƙawata, har yarinyar ma ta mayar mata da shi. In ta dawo daga aiki sai ta ji daga bakin ƙofa, "Ƙawata ta dawo!" Safiyo kuwa Baffa take ce masa, a hankali, kamar mai tsoron kada ta yi kuskure.

Abu ɗaya ne kawai ba ta yi ba. Matar da ba ta ƙyale bakin direban tasi ba, ba ta taɓa cewa yarinyar da take kwana a gidanta ta buɗe baki ta gani ba. In ta matsa mata man goge baki a kan buroshi, sai ta juya baya tana gyara tawul. Yarinyar kuma ta ɗauki wata ɗabi'a, in dariya ta kama ta sai ta rufe baki da tafin hannu. Likita ta ce kunyar giɓi ce, kuma a ranta ta ji sauƙi.

Makaranta ce ta hana abin kwanciya. Da yake an ce shekararta goma, aji biyar aka sa ta. A layi kanta bai kai kafaɗar kowa ba. Kullum da yamma sai su baje littattafai a teburin cin abinci, a ba ta lissafin rabawa mai hawa uku, ita kuwa tana ƙirga yatsu a ƙarƙashin tebur, harshe a waje, fensir ya yi wa hannunta girma. Malamar ajin ta aiko da takarda sau biyu: yarinyar ba ta ɗaukar karatu, a duba ko tana da matsala. Wata rana ta ajiye fensirin ta ce, ba kuka ba komai, kamar mai ba da labarin abin da kowa ya sani:

"Ƙawata, ni daƙiƙiya ce."

"Wa ya ce miki?"

"'Yan ajinmu. Malama ma ta ce kaina kamar dutse."

Safiyo yana kan kujera da jarida, ya ce, "Za ta kamo su. A yi mata haƙuri."

Likita ta ɗauko farar takarda ta rubuta mata lissafin 'yan aji biyu guda goma. Kafin ta ɗora ruwan shayi yarinyar ta gama, duka daidai. Ta karɓi takardar ta ninke ta, ta ce, "Yauwa, ƙawata." Ta ji haushin kanta a ranar fiye da yadda ta taɓa ji, amma ko da hakan bakinta ta ja ta tsuke.

Ranar wata Litinin suna karin kumallo, yarinyar ta shiga sa takalmi, Safiyo ya zaro takarda daga jakarsa ya ajiye kusa da kofinta. Takardar kotu ce ta neman riƙon maraya. Da yake babu takardar haihuwa, kotu tana son rahoton shekaru daga likitan haƙorin da ta amince da shi, kuma duk garin ita kaɗai ce. A sama an buga sunaye biyu a layin masu riƙo, nasa da nata.

"Ba sai kin wahalar da ita da hoto ba," ya ce. "Rubuta goma da rabi kawai ki sa hannu."

"Ba a rubutawa sai da hoto."

"Haba Dokta. 'Yar gida ce fa."

"Ko 'yar cikina ce sai da hoto. Ka san ƙa'idar."

Ya shafa man a biredi har gefe da gefe, a nutse, sannan ya ce, "To ai ke ce mai karanta hoton."

Sunanta take kallo a layin nan. Shekara da shekaru tana cike takardun 'ya'yan mutane, ba ta taɓa ganin sunanta a wurin da ake sa na uwa ba.

Ranar Laraba ta ɗauko yarinyar daga makaranta ta wuce da ita asibiti. Mai ɗaukar hoton wata dattijuwa ce mai yawan wasa da yara. Ta tsayar da ita a kan ɗan akwati don ta kai tsawon injin, ta nuna mata ɗan robar da za ta ciza kafin injin ya zagaya kanta. Yarinyar ta datse leɓe ta ƙi.

"Babu zafi," in ji dattijuwar. "Ko allura babu."

Ta girgiza kai, idonta a kan Likita. Likita ta ce a ba su wuri, ta durƙusa.

"Mene ne, ƙawata?"

Ta yi magana ta cikin yatsu. "Baffa ya ce kada in buɗe baki a gabanki."

"Yaushe?"

"Tun ranar da na zo. Ya ce ko dariya ce in rufe."

"Ya faɗa miki dalili?"

"Ya ce ba kya son yara masu giɓi. Ya ce in kin gani za ki mayar da ni."

Likita ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi a tsakiyar kai. Wata huɗu yarinyar nan tana danne dariyarta a gidanta, tana tsoronta, a kan maganar da ba ta taɓa faɗa ba. Ta kama hannun ta sauke shi daga bakin a hankali.

"Ƙarya aka yi miki. Ni duk duniya babu abin da nake so kamar giɓi. Aikina ke nan. Buɗe in gani."

Ta buɗe, aka ɗauki hoton.

Bayan ta mayar da ita makaranta, ta kulle ƙofar ofis ta kunna fitilar. Hoto ne mai kyau, babu inda ya yi duhu. Turmin farko na manya ya fito sama da ƙasa, amma saiwarsa ba ta gama tsawo ba, bakinta a buɗe yake. Turmi na biyu yana can cikin ƙashi, kansa kawai ya haɗu, ko alamar saiwa babu. Fiƙoƙin manya suna can nesa, na yarinta suna zaune daram. Ta ba kowane haƙori matakinsa, ta duba jadawalin da take aiki da shi, ta sake dubawa a wani jadawalin dabam, ta sake yi a karo na uku kamar mai neman a ƙaryata ta. Shekara bakwai da wata huɗu. In ta yi wa lissafin dukan adalcin da ilimi ya yarda, takwas da rabi. Wanda ya shekara goma sha ɗaya a kabari ba shi ya haifi wannan yarinyar ba.

Sai ta ƙirga baya, ta ɗora wata tara a kai. Shekara takwas da suka wuce ba ta gari. Tana can wani birni mai nisa, wata goma sha huɗu, tana koyon wannan aikin na karanta haƙora. Safiyo ne ya cike mata takardun neman gurbin. Shi ya ɗaure mata akwati, ya ce kada ta damu da zuwa hutu, ta mayar da hankali ga karatu. Kullum sai ya buga mata waya ya tambayi abin da ta ci.

Ofishinsa yana hawa na biyu a saman wani shagon fenti. Taswirori ne a nannaɗe ko'ina, da ƙafafun injin awo jingine a lungu. Ta same shi shi kaɗai yana jan layi. Ba ta zauna ba, ta ɗaga hoton ta manna a gilashin taga.

"Bakwai da wata huɗu."

Ya kalli hoton kamar zai gane wani abu a ciki. "Injin naku ai yana kuskure."

"Da shekara ɗaya. Ba da uku ba. Kai ma mai awo ne. In ka auna fili ka samu ƙafa saba'in, mai fili ya ce ka rubuta ɗari, rubutawa kake yi?"

Ya ajiye rula. Ya fara kame-kame, wai wataƙila maƙwabtan ne suka ruɗe, wai matar ce ta yi ƙarya. Ta bar shi har ya ƙare da kansa, sannan ta ce, "Maƙwabtan ne suka ce ta riƙa rufe baki in za ta yi dariya?"

Ya cire tabarau. Da ya sake magana muryarsa ta koma irin tasa ta kullum, mai sanyi, kuma wannan ya fi ɓata mata rai fiye da a ce ihu ya yi.

"Aure na yi, 'yata ce. Ba abin kunya na yi ba. Wata goma muka yi, kafin ki dawo mun rabu. Yarinyar tana wurin uwarta, ina zuwa ina ganinta. Da ta rasu ba ni da inda zan kai ta."

"In ba abin kunya ba ne, me ya sa ka rataya wa mamaci? Ɗan'uwanka yana kwance, ka ƙaga masa mata, ka ƙaga masa ciki. Ka sa 'yarka tana ce maka Baffa."

"Don kada ranki ya ɓaci."

"Na gode. Wa ya sani?"

"Hajiya. Da ƙannena."

Ta ga bai gama ba. Ta jira.

"Da Umma," ya ce.

Umma mahaifiyarta ce, ita Likita.

"Kafin in kawo ta na je na same ta. Ita ta ce kada a faɗa miki, a bari ku saba tukuna. Ta ce in kin riga kin so ta, shi ke nan."

Sai a lokacin ta nemi kujera. Ta tuna yadda Umma ta zo ganin yarinyar da atamfa da 'yan kunne, tana ta sa wa marigayi albarka har da ƙwalla. Ashe duk wanda ya shigo falon nan ya san labarin, ita kaɗai aka ninke baibai, a gidanta, tana bin su da ruwa da lemo.

"Abu ɗaya ban gane ba," ta ce. "Duk matan duniya, ni za ka kawo wa yarinya da shekarun ƙarya? Ka manta aikina ne?"

"Ban manta ba." Ya kalle ta a karo na farko. "Na san za ki gani, ko ba jima ko ba daɗe. Na ɗauka za ki gani ki yi shiru. Kuma ai kin yi shirun, Dokta. Wata huɗu."

Auren ma bai yi mata zafi kamar wannan ba. Ba raina iliminta ya yi ba. Auna ta ya yi, ya san inda take da rauni, ya san iyakar abin da matar da ta shekara goma sha uku tana jiran ɗa za ta haɗiye, ya kafa ƙusarsa a daidai wurin. Kuma awon nasa ya yi daidai.

"Ki saurare ni," ya ce. "In kin rubuta goma, kotu ta ba mu riƙo, ta zama taki a kan takarda, babu mai ƙwace ta ko da bayan raina. In kin rubuta bakwai, na yi rantsuwar ƙarya a gaban alƙali, asirina ya tonu. Kuma Hajiya ta riga ta faɗa, ranar za ta zo ta ɗauki jikarta. Ba ki da wata hujja a kanta. Ki yi tunani."

A mota ta buga wa Umma. Umma ba ta musa ba, ko ɗan jim ba ta yi ba.

"To sai me? 'Ya kika samu har gida, ba naƙuda ba komai. Ni na haife ki, na san abin da kike so. Lamba ce kawai, ki rubuta musu ki rufa wa kanki asiri."

"Umma, a gabana kika yi wa marigayi kuka."

"Ai ya cancanci kukan, mutumin kirki ne. Ke dai kada ki kashe aurenki a kan haƙori."

Kwana biyu takardar tana cikin aljihun teburinta. Kada wani ya ce abin ya zo mata da sauƙi. Ranar Juma'a da safe ta ɗauko ta, ta cire murfin biro, ta ɗora bakinsa a layin da niyyar rubuta goma da rabi. Ta san babu mai kama ta. Shugaban sashe hannu kawai yake sawa a ƙarƙashin nata, bai taɓa ɗaga hoto ya duba ba. Tana son yarinyar, so irin wanda ba ta san tana da shi ba, kuma ga ta nan a bakin biro.

Amma ita ta fi kowa sanin abin da lamba take yi wa mutum, tunda a gabanta ake yi. Ta ga yaron da takarda ta ƙara wa shekara biyu ya kwana cikin manyan fursunoni. Lambar da za ta rubuta yau ita za ta bi yarinyar har kabari. Gobe ta koma aji biyar a ci gaba da ce mata kan dutse, har ta yarda. Tana sha biyar takarda ta ce ta cika mutum, duk abin da ya same ta a ce ai babba ce. Ta tashi tana yi wa uban ƙarya addu'a, na gaskiyar yana zaune yana karanta jarida. Kuma duk wannan da sa hannun matar da take kira Ƙawata.

Ta rubuta bakwai da wata huɗu, ta rubuta iyakar kuskuren da zai iya yiwuwa, ta maƙala hoton, ta kai wa magatakardan kotu da hannunta.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki mako biyu ba. Alƙali ya kira Safiyo ya wanke shi tas a gaban jama'a, ya ja masa kunne, aka soke takardar riƙo, aka rubuta yarinyar da sunan ubanta. Uba ba ya neman riƙon 'yarsa, don haka layin masu riƙo ya tafi, sunan Likita ya tafi tare da shi. A dangi kuwa labarin ya juye. Ba a ƙara maganar wanda ya yi aure a ɓoye ba, ko wanda ya yi wa mamaci ƙage. Magana ɗaya ce a bakin kowa: Mai Haƙora ta tona wa mijinta asiri a kotu, ta ci amanar gidan da ya riƙe ta shekara goma sha uku ba ɗa ba jika. Umma ta daina ɗaga wayarta.

Hajiya ta cika alkawari. Ta zo da mota ranar Lahadi da rana, ta ƙi shiga falo, ta tsaya a bakin ƙofa tana kaɗa makulli. Likita ce ta haɗa kayan, ta ninke rigunan makaranta, ta sa buroshi a cikin leda. Yarinyar tana zaune a bakin gado tana kallonta.

"Don giɓin ne?" ta ce.

"A'a, ƙawata. Wallahi ba don shi ba ne."

"Ai ya kusa cikewa. Duba." Ta ɗaga leɓe da yatsa ta nuna mata farin kan haƙorin da ya fara tsaga dasashi. "In ya fito zan dawo?"

Likita ta rungume ta. Daga mota Hajiya ta danna hon.

Ita ma ba ta ƙara mako a gidan ba. Ba ta tafi wurin Umma ba, ɗaki ta karɓa a gidajen ma'aikatan asibiti, mai gado ɗaya da taga tana kallon wurin shanya. Safiyo ya aiko sau biyu a ba ta haƙuri, ya ce ya yafe mata.

Ta daure wata guda. Ranar wata Talata ta tashi aiki da wuri ta je makarantar daidai lokacin tashi, da ɗan littafin zane a jaka. Ta hango yarinyar ta cikin ƙarafan ƙofa. An mayar da ita aji biyu. Tana tsakiyar layi, kanta daidai da kan na gabanta da na bayanta, tana gardama da wata yarinya a kan wa ya riga wa. Likita ta daɗe tana kallo kafin ta matsa wurin maigadi. Sabo ne, bai san ta ba, da allon takarda a hannunsa.

"Wa kika zo ɗauka?"

Ta nuna masa ita. "Ba ɗauka zan yi ba. Gaisawa kawai, in ba ta wannan."

Ya bi takardar da yatsa. "Wannan ubanta ne da kakarta kawai aka rubuta. An ma ja layi a ƙasa, an ce ban da kowa. Ke mece ce ɗinta?"

Ta buɗe baki. Ba uwa ba ce, ba gwaggo ba, ba inna ba. Matar uba ma yanzu sai dai a takarda. Ta duba duk sunayen da ake da su, ta rasa wanda zai shige ta ƙofar nan.

"Likitarta ce ni," ta ce. "Ta haƙori."

"To likita ba ya cikin takarda, Hajiya. Ɗan matsa gefe don Allah, kin tare wa iyaye hanya."

Ta matsa.